TSOHUWAR KYAMARA MAI CIN FIM

A hutun da ya wuce mahaifiyata ta sa ni in fid da kayan da ke cikin adakar marigayi kakanmu a shanya, domin gara ta fara taɓa gindin adakar. Can ƙasa, ƙarƙashin wata babbar riga, sai na ci karo da wata jakar baƙar fata, a cikinta da kyamara mai nauyi kamar dutsen guga. An rubuta Pentax K1000 a jikinta. Babana ya ce tsarabar Makka ce, kakanmu ya zo da ita a shekarar 1981. Ni kuwa da rawar kai, sai na ja wani ɗan murfi, bayanta ya buɗe, na ga fim a naɗe. Na jawo shi duka na ɗaga wa rana, wai zan kalli hotuna. Ban ga kome ba. Da na kai wa wani tsohon mai hoto a unguwarmu, sai ya riƙe baki ya ce, "Yaro, ka kashe su. Abin da kakanka ya ɗauka na ƙarshe, rana ta cinye." Har gobe ba wanda zai san ko su wane ne a ciki. Wannan hasara ita ta sa na zauna wurin tsohon nan na koyi abin da zan faɗa muku, domin na tabbata akwai irin wannan adaka a gidaje da yawa a ƙasar Ungogo.

Da farko dai, asalin kyamara ba wani tsafi ba ne. Duk wanda ya taɓa kwanciya da rana a ɗakin soro mai duhu, ƙofa a rufe, amma akwai ɗan rami a jikin ƙyaure, ya yiwu ya ga surar masu wucewa a bango, kai a ƙasa ƙafa a sama. Wani malami Balarabe mutumin Basra, Ibn al-Haisam, ya yi bayanin wannan abu kusan shekara 1000 da suka wuce. Abin da ya gagara shi ne a kama surar ta zauna. Sai wajen 1826 wani Bafaranshe, Niepce, ya samu nasara. Ku duba, shekara 2 kafin nan, watau 1824, Bature Clapperton ya zo nan Fanisau ya gana da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, amma ba wanda ya ɗauki hoton wannan zama, don ba a ƙago abin ba tukuna. Daga baya George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak a 1888, sa'an nan a 1900 ya fito da wata 'yar akwati mai suna Brownie wadda ake sayarwa dala 1. Ita ce ta sauko da hoto hannun talaka.

Kada a raina 'yar akwatin nan. Da irinta Seydou Keita na Bamako ya fara a 1935, da irinta kuma Ojeikere na Nijeriya ya fara a 1950, wanda daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson matan ƙasar nan har ya tara kusan 1000. Yau ana nuna aikinsu a manyan gidajen tarihi na duniya. Dalili kuwa shi ne sun adana dodon hotunansu, ba su bar gara da laima sun ci ba.

To, mene ne fim? Wata 'yar leda ce doguwa da aka shafa wa sinadarin azurfa, wanda haske ke canza shi da ya taɓa shi. In aka danna kyamara, wani ɗan ƙyaure a ciki ya buɗe ya rufe kamar ƙiftawar ido, haske ya ratsa gilashi ya faɗa kan fim. Surar tana nan a ɓoye, ido ba ya ganinta sai an wanke da magani a cikin duhu. Kafin wankin nan, in haske ya sāke taɓa fim, an yi ɓari. Kuskurena ke nan. Saboda haka doka ta farko ita ce, kada ka buɗe bayan tsohuwar kyamara sai ka tabbata ba fim ciki. In mai ɗaukar ƙaramin fim ce, irin mai hoto 24 ko 36, murɗa hannun naɗewa a hankali. In ya yi tauri, akwai fim. Danna ɗan maɓallin da ke ƙarƙashinta, ka naɗe shi duka ya koma gwangwaninsa. In ko mai babban fim ce da ake kira 120, wasu suna da 'yar jar taga a baya, in ka hangi lamba ta ciki, to akwai fim.

Kyamarorin da aka fi samu a gidajenmu da tsofaffin shagunan hoto ba su da wuyar ganewa. Akwai Yashica mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda mai hoto ke riƙewa a ciki yana leƙawa ta sama. Akwai Zenit ta Rasha, ga ƙarfi ga nauyi. Akwai Canon da Pentax da Minolta na Japan. Akwai kuma Polaroid mai tofo hoto nan take, wadda ta fara fita a 1948. A ganina, mai koyo ya nemi wadda ke aiki ba batir, don waɗanda suka dogara da lantarki in sun mutu, gyaransu sai an sha wuya. Wasu ma batirinsu na zaiba ne, an daina yin sa saboda guba.

Gwajin kyamara shi ne inda ake bukatar haƙuri, kuma a nan tsohon ya fi tsare ni. Ya ce a fara da hanci. In ka ji warin ruma, laimar damina ta shige ta. Sai ka cire gilashin, ka haska tocila ta bayansa. Ƙura kaɗan ba kome, ai wanda ke zaune inda ake hunturu ba ya rabuwa da ita. Amma in ka ga wasu zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, tana cin fuskar gilashi, kuma a raba wannan gilashi da sauran. Daga nan sai ƙyauren haske. Buɗe bayan kyamara, ka fuskanci taga, ka yi ta dannawa kana canza lambobin sauri. Lamba 1 daƙiƙa guda ce cur, kana iya ƙirgawa da agogo. Lamba 500 kuwa kashi ɗaya ne cikin 500 na daƙiƙa. In a ƙananan lambobi ƙyauren ya buɗe ya tsaya yana nazari, tsohon mai ne ya daskare a ciki. Kada ka ɗiga mata man keken ɗinki, kada kuma ka matsa wa hannun da ya ƙi motsi, gaggawa aikin Shaiɗan. Kai ta wurin wanda ya san aikin. Sai ka duba soson da ke gefen murfin baya, wanda ke hana haske satar shiga. A tsofaffin kyamarori yakan narke ya zama kamar kwalta. Wannan kam kowa na iya kankarewa da tsinke ya liƙa sabo, ko baƙin zaren ulu. Na ƙarshe, leƙa gidan batir ko ya yi farin gishiri. Ta kakana batirin ƙaramin kalkuleta take ci, shi ma don ma'aunin haske kawai.

Duk wannan bai isa shaida ba sai an sa fim an ɗauka. Samun fim ɗin ne aiki, domin tun da hoton waya ya zo yawancin shaguna sun koma kwamfuta. Abin mamaki, a kamfanin Kodak ɗin ne wani injiniya, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ga shi a 2012 kamfanin ya durƙushe da bashi. Amma bai mutu ba, shi da Ilford na Ingila suna yin fim har yanzu. Nawa wani yayana ne ya aiko mini daga Legas. In ka samu, ka sani zafi maƙiyinsa ne. Sa shi a gwangwani mai murfi ka ajiye a firiji, in babu, a wuri mafi sanyi a ɗaka.

Wajen ɗauka akwai wata tsohuwar dabara da ba ta bukatar ma'auni. In fim ɗinka mai lamba 100 ne, sa sauri a 125. In rana ta take, sa kafar haske a 16. In akwai hazon hunturu, buɗe ta zuwa 11 ko 8. A inuwar darbejiya kuwa, 5.6. Ku lura, ƙaramar lamba ita ce babbar kafa, wannan ya daɗe yana rikita ni. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Ranar Salla mutum baƙi ya sa farar riga fes, ma'aunin haske sai ya ruɗe da farin, riga ta fito da kyau, fuska ta zama duhu. Maganinsa a ƙara buɗe kafa mataki ɗaya, ko a kai mutumin inuwa. Hoton tsakar rana ma ba ya kyau, gara da hantsi ko bayan la'asar. Tun da kowane danni kuɗi ne, sai ka ga mutum ya nutsu, ya duba bayan wanda zai ɗauka ko akwai akuya ko turken da zai tsiro masa a ka.

Wankin baƙi da fari ana iya yin sa a gida da magani iri biyu, na fid da sura da na zaunar da ita. Matsalarmu a nan ita ce ana son ruwan ya kasance a ma'aunin zafi 20, alhali ruwan tankinmu da bazara ya wuce haka nesa, sai an sa ƙanƙara. Mai launi kuwa 38 yake so, har tsohon ya ce cikin raha watan Afrilu a Kano ba sai an hura wuta ba.

Iyayenmu, ga roƙo. In 'yan gwangwan sun zo, kada a haɗa musu da kyamara a kan kuɗin goro, kada kuma a ba yara dodon hoto su yi wasa. Wanda ya je Gidan Makama ya ga hotunan Kano ta dā ya san amfanin abin da aka adana. Dodon baƙi da fari da aka wanke da kyau yana iya wuce shekara 100, kuma ko yau ana iya fid da hoto daga gare shi, ko a sa a kwamfuta. A sa shi cikin ambulan, a rubuta sunayen mutanen da shekara, a riƙa kama shi ta gefe.

Fim ɗina na farko mai 36 ne, hoto 21 suka fita. Sauran wasu sun yi duhu, wasu hannuna ya girgiza, 3 kuwa na manta ban cire murfin gilashi ba. Cikin waɗanda suka fita akwai na kakata tana sussukar gero a tsakar gida. Da na miƙa mata, ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta ce a sa mata shi cikin adakar Malam, inda aka samo kyamarar.