Tsarin APRS: Yadda Masu Rediyon Sa-kai Suke Sanin Inda Juna Suke

A wannan ƙasida za mu duba tsarin da masu rediyon sa-kai, wato mutanen da hukuma ta ba lasisin sadarwa ta rediyo ba don neman kuɗi ba, suke amfani da shi wajen sanar da inda suke nan take. Sunansa APRS. Wanda ya ƙago shi shi ne Bob Bruninga, injiniya a Kwalejin Sojan Ruwa ta Amurka da ke Annapolis, mai lambar kira WB4APR. A 1984 ya gwada shi da ƙaramar kwamfuta wajen bin sawun dawaki a wani tsere mai nisan mil 100. Ya rasu a 2022.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Na'urar GPS ita ke gano matsayin mutum a doron ƙasa. Sai a ƙulla wannan bayani tare da lambar kiransa a ɗan gajeren saƙo, rediyo ta watsa shi cikin kusan daƙiƙa guda. Ba a aika wa wani mutum takamaimai. Duk wanda ya kama zangon zai ji, kwamfutarsa kuma ta ɗora alamar mai saƙon a kan taswira. Da yake irin wannan igiyar rediyo ba ta nisa sosai, akan kafa tashoshin maimaitawa a kan tuddai da dogayen gine-gine, su karɓi saƙon su sake watsa shi. Wasu tashoshin kuma sukan zuba shi a intanet, har na wata nahiya ya gani.

Amfanin wannan a bayyane yake. Idan guguwa ko ambaliya ta katse wayar salula, masu aikin ceto na iya ganin juna a taswira ba tare da dogaro da kamfani ba.

Amma abin da muke so mahalarta su lura da shi, shi ne kowane yanki zango ɗaya tak yake amfani da shi: megahaz 144.390 a Arewacin Amurka, 144.800 a Turai. Babu shugaba mai raba lokacin magana. Idan tashoshi biyu da ba sa jin juna suka watsa a lokaci guda, saƙonninsu sai su yi karo a wurin mai karɓa, su lalace duka, kuma mai aikawa ba zai sani ba, domin saƙon matsayi ba a ba shi amsa. Mutum ɗaya mai son a gan shi ko'ina, wanda ya nemi a yi ta maimaita saƙonsa, yana iya toshe wa jama'ar gari guda hanya. A ganinmu, wannan ne babban raunin tsarin, kuma ya fi tsananta a ranar bala'i, lokacin da kowa ke ɗokin magana.

Saboda haka aka daidaita a kan cewa maimaitawa biyu ta wadatar a yawancin wurare. An kuma ƙera na'urori masu auna tafiya: mota in tana gudu ko ta sha kwana sai su yawaita saƙo, in ta tsaya sai su jinkirta, wani lokaci har rabin sa'a.