Daga ajin jami'a zuwa kasuwar Giade: Yadda darasin ƙididdiga zai kare jarin ɗan kasuwa

Duk shekara idan kaka ta yi, aka fara sauke buhunan gero da dawa da wake a kasuwar Giade, kowane mai jari yakan tsinci kansa a gaban tambayoyi guda uku: ya saya yanzu ko ya dakata, buhu nawa zai saya, kuma zuwa yaushe zai ajiye kafin ya fitar. Amsar da ya bayar ita ce za ta nuna ko jarinsa zai kai wata kakar ko kuwa zai narke a sito.

Waɗannan tambayoyi ne jigon darasin da jami'o'i ke koya wa ɗaliban digiri na biyu a fannin kasuwanci, wato dabarun ƙididdiga domin yanke shawara. Sai dai akwai tazara mai faɗi tsakanin allon aji da rumfar ɗan kasuwa, kuma sau da yawa wanda ya ci jarrabawar darasin ba ya iya taimakon mahaifinsa da ke awo a kasuwa.

Giade, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 20 na Jihar Bauchi, ta kasance a cikin masarautar Katagum mai hedikwata a Azare har zuwa 2025. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane kusan dubu 157, kuma noma da kiwo da cinikin amfanin gona su ne abin dogaron mafi yawansu. Ɗan wannan yanki da ke son zurfafa karatun kasuwanci yana da ƙofofi kusa da shi: Jami'ar Sa'adu Zungur ta jihar, mai mazauni a Gadau, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da kuma Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero ta Kano. Saboda haka abin dubawa shi ne irin ilimin da yake komawa gida da shi.

Asalin ilimin daga gona ne

Ɗalibai da dama na ɗaukar ƙididdiga a matsayin dodon da ke zaune a littattafan Turawa. Tarihi kuwa ya nuna cewa wani babban sashe nata a cikin gona ya girma. A 1919 ne cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila ta ɗauki Ronald Fisher aiki domin ya tantance alƙaluman amfanin gona da aka shafe shekaru masu yawa ana tarawa. Daga ƙoƙarin gano ko taki ne ya ƙara yabanya, ko ruwan sama, ko kuwa ƙarfin ƙasa, ya fito da hanyoyin da har gobe ake koyarwa a ajin digiri na biyu.

A ƙasar Hausa ma an taɓa yin irin wannan aiki. Baturiya Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa da ke kusa da Katsina a shekarun 1960, ta bi diddigin gonaki da rumbuna da farashin hatsi. Littafinta da ya fito a 1972 ya nuna yadda talakan manomi ke sayar da hatsinsa da araha a lokacin kaka saboda matsin buƙata, sannan ya dawo ya saya da tsada idan damina ta tsaya, yayin da mai hali ke cin ribar jira. Wannan yanayi bai gushe ba, kuma malamin da ya fara darasinsa da shi ya riga ya kama hankalin ɗalibin da ya taso a Giade ko Shira ko Misau.

Ribar da ba riba ba

Darasi na farko da ya cancanci a dage a kansa shi ne bambanci tsakanin yawan kuɗi da darajarsu. A ɗauki misali na ƙiyasi. Ɗan kasuwa ya sayi buhu 100 na wake a kan naira dubu 50 kowanne, ya zuba naira miliyan 5 ke nan. Kuɗin mota da dako da hayar sito da magani suka ci naira dubu 300. Bayan wata shida, ƙwari da ramewar kaya suka rage masa kwatankwacin buhu 5, ya sayar da ragowar 95 a kan naira dubu 62. Abin da ya shigo hannunsa naira miliyan 5 da dubu 890 ne, ribar naira dubu 590 a ido.

To amma idan a cikin waɗannan watanni farashin kayan masarufi ya tashi da kashi 15 cikin ɗari, sai ya sami naira miliyan 6 da dubu 95 kafin ya ce ya mayar da uwar kuɗinsa. A zahiri ya yi asarar naira dubu 205, alhali yana raba goron murna. Irin wannan lissafi ya ƙara zama wajibi tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da kuma sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin shekarar.

Darasi na biyu shi ne auna yiwuwa. A ce gogewar shekaru ta nuna cewa a cikin kaka goma, bakwai ajiya kan kawo ribar naira miliyan 1, uku kuma takan jawo asarar naira miliyan 1 da rabi. Idan aka daidaita, abin da ake sa rai a kowace kaka ribar naira dubu 250 ce. Ga mai jari mai kauri wannan ciniki ne mai kyau, domin zai iya jure shekarar faɗuwa. Ga wanda ya ciyo bashi ko ya sayar da shanun gida kuwa, faɗuwa ɗaya ta isa ta tashe shi daga kasuwa. Matsakaicin lissafi ɗaya ne, amma shawarar da ta dace da mutanen biyu ta bambanta.

Shekarar 2025 ta tabbatar da haka. Bayan gwamnatin tarayya ta sanar a watan Yulin 2024 da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na tsawon kwana 150, sannan sabon amfani ya shigo kasuwa, farashin hatsi ya yi ƙasa a kasuwannin Arewa. Da yawa daga waɗanda suka cika sito bisa zaton cewa tashin da aka gani a 2023 da 2024 zai ɗore sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Shekara biyu ba su isa a gina hasashe a kansu ba, kuma wannan shi ne abin da littattafan ƙididdiga ke nufi da haɗarin ƙaramin samfur.

Mudu, buhu da kalandar wata

Kafin a kai ga kwamfuta, akwai matsalar ma'auni. Mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba, ana awo da tozo ana kuma yi a shafe, sannan buhun da ake kira mai kilo 100 ba kullum yake cika hakan ba. Ɗalibin da ya kwatanta farashin buhu a Giade da na Dawanau a Kano ba tare da ya ɗora su a sikeli ba, duk sakamakon da manhajar SPSS ko Excel za ta ba shi gini ne a kan yashi.

Haka nan batun lokaci. Hanyoyin hasashe da ke cikin littattafan da aka rubuta a Amurka da Ingila sun ginu ne a kan bukukuwa masu tsayayyen wata, kamar Kirsimeti. A Katagum kuwa, buƙatar gero da sukari na tashi ne da azumi, kasuwar raguna kuma da Babbar Sallah, kuma kalandar Musulunci na matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara. Wanda ya jera farashin rago bisa watannin Turawa na shekara goma zai ga tashin farashi yana yawo daga wata zuwa wata, ya kasa gane dalili. Dattijon dillali a kara ya san wannan tun yana yaro. Aikin malami shi ne ya koya wa ɗalibi yadda zai shigar da wannan sani cikin lissafi.

Akwai kuma abubuwan da ke faɗowa ba sallama. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, lamarin da ya tilasta wa motocin kaya zagaye. Tsadar da irin wannan ke haifarwa ta ɗan lokaci ce, kuma dole mai nazari ya ware ta daga tsadar da ƙarancin amfanin gona ke kawowa, in ba haka ba ya ɗora laifi a inda ba ya nan.

Wa aka tambaya?

Mafi yawan kundayen digiri na biyu a fannin kasuwanci sun dogara ne da takardar tambayoyi. A nan ne kuskure mafi girma ke ɓuya. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshin mutane sama da miliyan biyu, ta yi hasashen cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta samo sunayen mutanenta ne galibi daga jerin masu tarho da masu mota, wato masu hali, ta bar talakawa a baya.

Ɗalibin da ya raba takardar tambayoyi da Turanci a Giade, ko ya tura ta ta WhatsApp, tarkon da ya faɗa ke nan. Zai ji ta bakin masu shago da suka yi boko, ya rasa matan da ke sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida, da masu awo, da Fulanin da ke kawo dabbobi. Yawan takardun da aka cike ba ya gyara wannan giɓi. Mutum 100 da aka zaɓo bisa ƙa'ida sun fi 1,000 da aka tsinta saboda sauƙin samu.

Alƙaluman hukuma ma sai an karanta su da lura. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta bayyana hauhawar farashi a kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024, sai ga kashi 24.48 a Janairun 2025. Kaya ba su sauko a wata guda ba. Hukumar ce ta sauya shekarar da take kwatance da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta jerin kayan da take aunawa. Haka adadin marasa aikin yi ya koma kashi 4.1 a farkon 2023 daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020, bayan an fara lissafa duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Manajan da ya haɗa tsofaffin alƙaluma da sababbi a layi ɗaya zai yanke shawara a kan abin da bai faru ba.

Abin da ya kamata aji ya sauya

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Malami zai iya raba ɗalibansa rukuni-rukuni, ya ɗora wa kowane rukuni kasuwa guda, su riƙa rubuta farashin kaya biyar duk ranar kasuwa har zangon karatu ya ƙare, da sikeli a hannu. Idan aka ci gaba da haka shekara bayan shekara, jami'a za ta mallaki taskar farashin yankin da ɗan kasuwa da banki da ƙaramar hukuma za su amfana da ita.

Tambayoyin bincike ma suna nan birjik. Shin kuɗin buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, yana fita idan aka kwatanta da magani? Kwana nawa tashin farashi a Dawanau ke ɗauka kafin ya iso Giade? Yaya hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara yake dacewa da farashin kaka? Kowace daga cikinsu ta isa kundin digiri, kuma amsarta na da mai jiran ta.

Sannan akwai jarrabawar da ta fi ta takarda wuya: ɗalibi ya tsaya gaban shugabannin 'yan kasuwa ya bayyana sakamakonsa da Hausa, ya faɗi abin da alƙaluma suka nuna da kuma iyakar abin da za su iya nunawa. Idan dattijon da ya shekara talatin yana cinikin hatsi ya ce lissafin bai yi daidai da abin da ya sani ba, wajibi ne a koma a duba, domin ko dai akwai abin da ɗalibin ya tsallake, ko kuma akwai abin da kasuwa ta daɗe tana yi bisa al'ada ba tare da an auna shi ba.

Kaka mai zuwa ma za a sauke buhuna a Giade, masu jari za su sake yanke shawara ko da taimakon masu digiri ko babu. Iyayen da suka sayar da hatsi suka biya kuɗin makaranta suna da haƙƙin ganin karatun ya dawo rumfa ya yi musu amfani.