ZOƁO DA NA'ANA'A: YADDA ZA MU TANADI ABIN SHAN BAZARA A GIDAJENMU

Duk wanda ya zauna a Kwatano ya san cewa daga Fabrairu zuwa Afrilu ba a wasa da ƙishirwa. Zafin bakin teku daban yake da na Maraɗi ko Katsina. Can rana ce ke ƙuna, nan kuwa gumi ne ke tatse mutum tun da hantsi. Ga shi azumin 2024 da na 2025 duk sun ratsa watan Maris, wato tsakiyar zafin. A irin wannan lokaci kuɗin da magidanci ke kashewa a kan lemun kwalba ba kaɗan ba ne, alhali kuwa a Zango muna da abin da ya fi shi araha da daɗi, wanda iyayenmu suka zo da shi daga Arewa.

Zoɓo muke nufi, wanda wasu ke kira zoɓorodo, maƙwabtanmu kuma suke kira bisap. A wannan wata za mu duba yadda ake dafa shi da kauri tare da na'ana'a, a mayar da shi siro, a adana a kwalba, ta yadda duk sa'ad da baƙo ya yi sallama sai kawai a tsiyaya a ƙara ruwa.

GADON GIDA NE

Zoɓo ɗiyan yakuwa ne. Bahaushe bai yar da komai nata ba: ganyen a yi miya ko fate, jan ɓawon da ke lulluɓe da ƙwallon a shanya a yi abin sha, 'ya'yan kuma, wato gurguzu, a yi daddawar batso. Sunan bisap daga Wolof na Senegal ya zo. A Ghana sobolo suke cewa, a Masar da Sudan karkade, a Meziko kuwa hamaika. Yawancin zoɓon da Najeriya ke fitarwa ƙasashen waje Meziko yake tafiya, kuma Jihar Jigawa na cikin manyan wuraren da ake noma shi. Ashe abin da muke ganin kamar ba komai ba, wasu da jirgin ruwa suke aikowa a ɗauko musu.

Dabarar siro kuma kowace ƙasa da irin tata. A Ingila, idan watan Mayu da Yuni suka kama, matan ƙauye kan tsinko fararen furannin wata bishiya da ake kira elda, su jiƙa da lemun tsami da sukari kwana ɗaya ko biyu, su tace su cika kwalabe. Faransawa kuma sun saba mana da koren siron na'ana'a na kantuna. Bishiyar Turawa ba ta cikin lambunanmu, ba mu kuma bukatarta. Zoɓo yana da tsamin kansa da launin kansa, abin da su sai sun nemo.

KAYAN HAƊI

Busasshen zoɓo giram 250, ruwa mai tsafta lita ɗaya da rabi, ɗanyar na'ana'a dami biyu irin na kasuwa, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, kanumfari ƙwaya 8 zuwa 10, lemun tsami 2, sai sukari kilo 2. A zaɓi zoɓo mai duhun ja wanda ya bushe ƙarau, ba mai warin rima ba. Damshin Kwatano yana saurin sa masa fumfuna, saboda haka a shinshina kafin a biya.

Tukunya ma abin lura ce. Tsamin zoɓo yana cin alminiyam, ya ɓata ɗanɗano. A yi amfani da ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda 'yan kasuwa ke kira inoks, ko mai fenti wadda ba ta ɓantare ba.

YADDA AKE YI

Da farko a wanke zoɓon sau biyu da ruwan sanyi, da hanzari, don yashi ya fita ba tare da launin ya bi ruwa ba. A zuba a tukunya da ruwan nan lita ɗaya da rabi, a sa dakakkiyar citta da kanumfari, a bari ya tafasa minti 10 zuwa 15. Wuce haka ba ya ƙara komai sai bauri.

Sai a sauke, sannan a zuba na'ana'ar da aka wanke, a rufe tukunyar ruf na minti 20. A nan ne da yawa ke kuskure. Ƙanshin na'ana'a wani mai ne da ke bin tururi, in an tafasa ta a buɗe, ƙanshin ya tafi wa maƙwabta, a bar uwargida da ganye. Wannan mai shi ne ke sa baki ya ji sanyi ko da ruwan bai shiga firiji ba, wanda kuwa ba ƙaramin taimako ba ne ranar da aka ɗauke wuta.

A tace da farin ƙyalle mai tsafta. Za a sami ruwa kimanin lita ɗaya. A mayar kan wuta kaɗan kaɗan, a zuba sukarin ana motsawa har ya narke, a bari ya tafasa minti 5, a matse lemun tsami. Tun yana da zafi a ɗura a kwalaben gilashi waɗanda aka dafa da murafunsu minti 10 a tafasasshen ruwa, a toshe.

Wani zai ce kilo 2 ai ya yi yawa. Dalili shi ne sukari ke tsare siron. Idan ya kai kashi biyu cikin uku na nauyin abin, yana riƙe ruwan da ƙwayoyin cuta ke bukata, tsamin zoɓon kuma ya taya shi. Irin wannan, in kwalbar ta dahu sosai, yakan yi makonni a wuri mai inuwa, amma da zarar an buɗe gara a sa a firiji. Mai son rage sukari zuwa kilo ɗaya tana iyawa, sai dai nata ba ya kwana a waje, kuma a shanye shi cikin makonni uku ko huɗu. Duk kwalbar da ta yi kumfa, ko fumfuna, ko warin tsami irin na giya, a zubar.

Game da kanwa: wasu kan jefa 'yar kaɗan don kashe tsami. Ga zoɓon da za a sha a ranar, wannan ra'ayi ne. Ga na ajiya kuwa ɓarna ce, domin kanwa tana dusashe jan launin, ta kuma karya tsamin da ke gadin kwalbar.

Wajen sha, cokali biyu na cin abinci sun isa kofi guda. Wannan haɗi yana ba da siro lita biyu da 'yan kai, wato kofi 70 da ɗoriya. Kowa ya lissafa kuɗin kwalbar lemu 70, ya gwada da na zoɓo da sukari, ya ga bambancin da idonsa.

INDA GIZO KE SAƘA

Dole mu gaya wa juna gaskiya a kan sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, in ma da hali ya tsaya a 25. Cokali biyun nan na siro suna ɗauke da kusan giram 27. Kofi biyu ke nan an ƙetare iyaka, ba a ma yi maganar shayi da koko ba. Mai ciwon sukari ya bar siro, a ɗebar masa tataccen ruwan kafin a zuba sukari.

Shi zoɓon kansa yana da amfani. A wani bincike da Jami'ar Tufts ta Amurka ta buga a 2010, mutum 65 masu ɗan hawan jini aka gwada, kuma waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida jininsu ya sauka da kimanin maki 7. Amma wannan ba izinin ajiye magani ba ne. Mai shan maganin hawan jini da mace mai juna biyu su tambayi likita kafin su mayar da shi na kullum.

Sai ruwa da ƙanƙara. Siro ya dahu, amma in aka sirka shi da ruwan rijiya marar murfi, ko ƙanƙarar da ba a san asalinta ba, aikin ya tashi a banza, kuma yara ne ke fara kwanciya da gudawa. Rigakafi ya fi magani: ruwan da ake shakka a tafasa shi.

GA MASU SANA'A

Mata da yawa a Zango da zoɓo suke biyan kuɗin makarantar yara. Siro zai rage musu wahala, domin maimakon hura wuta kullum, dahuwa ɗaya ta isa kwanaki, kuma abin da za a sayar a yini shi kaɗai za a sirka, babu kwantai. Muna roƙonsu su daina ɗura wa jama'a a gorunan robar da aka tsinto ba a san bakin wa suka fito ba. Ƙulli a leda ma a tuna cewa tun Disamba 2017 dokar ƙasar Benin ta hana ledar da ba ta ruɓewa.

Haka nan a koyi tanadi. Rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da rufe gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sun nuna mana cewa hanyar kayan Arewa tana iya toshewa dare ɗaya. A sayi zoɓo da kaka, wajen Nuwamba da Disamba, sa'ad da sabo ya shigo, a zuba a mazubi mai murfi nesa da damshi. Na'ana'a kuwa ba sai an saya ba. A tsoma reshe a ruwa, cikin mako ɗaya ko biyu ya yi saiwa, a dasa a tsohon bokiti a tsakar gida.

Daga ƙarshe muna kira ga iyaye mata su zaunar da 'ya'yansu kusa da murhu ranar dahuwa. Yaran da aka haifa a nan sun san bisap na leda, amma da yawansu ba su taɓa ganin yakuwa a tsaye ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.