Shirya Fallen Katako Domin Sassaƙa Ɗan Ƙaramin Jirgin Ruwa

Mutumin Lolo ba sai an kwatanta masa jirgin ruwa ba. Garin yana bakin Kogin Kwara, cikin ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, kullum kuwa yara suna ganin jirage suna kai da kawowa. Saboda haka idan malamin makaranta ya ce a yi ɗan ƙaramin jirgi a darasin aikin hannu, siffar ba ta yi musu wuya. Abin da ya ke ɓata aikin shi ne katako. Yaro zai yi kwana bakwai yana fama, ya kwanta da jirginsa sumul, ya tashi ya tarar ya karkace, ko kuwa ya tsage.

Turawa suna yin irin wannan aiki da wani icce marar nauyi mai suna balsa, wanda a ke nomawa a ƙasar Ekwado ta Amurka ta Kudu. Kada ka damu da nemansa. Rimi da gurjiya danginsa ne, ga taushi, ga sauƙin yanka, sai dai ƙwari suna cinsu da wuri. Melaina ta fi su ƙarko, ba ta kuwa cika karkacewa ba. Maɗaci yana da kyaun gani, amma a bar shi don ƙasan jirgi da hancinsa, inda a ke son ƙarfi. Kirya kuwa icen turmi ce, wuƙar yaro ba ta iya mata.

To, ina za a samu? Ba a daji ba. Jirgin da tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba bai isa a kā da icce dominsa ba. Je ka wurin kafinta ko masu haɗa jirgi a bakin ruwa, ka roƙi guntayen da su ka rage. Tsohon akwatin katako ma ya isa, har ya fi, gama ya riga ya bushe. A kiyayi madobiya musamman: an sare ta da yawa a Afirka ta Yamma, har tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da a ka sa wa cinikinsu tsakanin ƙasashe takunkumi. Wanda duk ya ke son saran icce, lalle ya fara ganin malamin gandun daji.

Ka zaɓi guntun da jijiyarsa ta miƙe, marar gaɓa. Dubi kan guntun, za ka ga zobba kamar na albasa. Ka tsaga shi daga tsakiya zuwa waje, watau ka ratsa zobban nan, kada ka bi gefensu. Dalili shi ne, in icce yana bushewa, yakan tsuke ta gefen zobba kusan ninki biyu na yadda ya ke tsukewa ta tsakiya, shi ya sa fallen da a ka yanko daga gefe ya ke lanƙwashewa kamar ƙoƙo. Tsagawar nan da zarto ko gizago aikin babba ne, ba na yaro ba.

Sa'an nan a kankare fallen har kaurinsa ya dawo milimita 2 ko 3, misalin tsinken ashana, a goge da samfefa ta bin jijiya.

Wajen shanya ne mutane su ke gaggawa, nan kuwa a ke hasara. Kada a shanya a rana. A jera fallayen cikin inuwa, bisa wuri miƙaƙƙe, a sa 'yan tsinkaye tsakaninsu don iska ta ratsa, a danne su da dutse. Ɗanyen icce ya kwana a haka mako 2 ko 3. Da hunturu a lulluɓe shi da buhu, domin busasshiyar iska takan tsaga bakinsa. Da damina kuwa a ƙara masa kwanaki, a riƙa dubawa saboda gara.

Fallen da za a lanƙwasa ya zama gefen jirgi, a jiƙa shi cikin ruwan zafi, a lanƙwasa a hankali, a ɗaure shi da igiya ya kwana. In an haɗa jirgin, a shafa masa fenti ciki da waje, ya bushe sarai tukuna, kāna a kai shi ruwa.