ƊAN KASUWA DA NA'URORIN ZAMANI: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Zamani riga ne, in ji masu iya magana. Wanda duk ya zagaya babbar kasuwar Maraɗi, ko Kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta birnin Yamai, zai tarar da cewa ciniki ya sake kama. Alhajin da a da sai ya tashi yaronsa takanas zuwa Kano domin ya jiyo farashin atamfa, yau yana zaune bisa tabarmarsa farashin ke iske shi cikin wayar salula. Mai albasa a Galmi yana aika hoton buhunansa zuwa Akra ko Abijan tun mota ba ta tashi ba. Wannan ci gaba ne wanda ba mai musunsa.

Amma fa kowace na'ura tana da ranar tsayawarta. Saboda haka, kafin a sa hannu cikin aljihu, tambayar da ta kamaci ɗan kasuwa ita ce: ranar da wannan abu ya tsaya, da mi za a ci gaba da ciniki, kuma wa zai gyara shi? Abubuwa huɗu ne tambayar ta shafa, ga su bi da bi gwargwadon muhimmancinsu: wutar lantarki, hanyar sadarwa, hanyar kuɗi, da ajiyar lissafi.

WUTA ITA CE TUSHE

Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a shekarar 1968, ya daɗe yana sayo mafi yawan wutar da yake rabawa daga Tarayyar Najeriya. Layi ɗaya ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai tun 1976, wani kuma daga Katsina ya biyo ta Gazawa yana ciyar da Maraɗi da Damagaram. A cikin watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin ƙungiyar CEDEAO, Najeriya ta katse wutar, a lokacin da wajen kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa daga can yake fitowa. Ba a maido ta ba sai bayan ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024. Masu ƙanƙara, da teloli, da masu walda, da masu buga takardu sun ji a jikinsu. Gaskiya ne tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai ƙarfin megawat 30, ta fara aiki a 2023, kamar yadda ta Malbaza mai megawat 7 ta fara tun 2018. Amma duk da haka, watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 kuma kowa ke kunna fanka, sun kasance watannin ɗaukewar wuta.

Hanya biyu ce gaban ɗan kasuwa. Ta farko injin wuta, wanda ake kira gurup: sayensa da sauƙi, riƙonsa da wuya, domin kullum sai an zuba mai, ga canjin baƙin mai, ga ƙara da hayaƙi. Ta biyu allunan hasken rana da batir: kuɗin farko da nauyi, amma rana ba ta aiko da takardar biya. Mai injin niƙa ko mai walda, wanda aikinsa ke jan wuta da ƙarfi, da wuya ya rabu da gurup. Mai kanti ko mai ƙaramin biro kuwa, hasken rana ya ishe shi, in dai an yi lissafi kafin saye.

Lissafin ba shi da wuya. A rubuta ƙarfin kowace na'ura da wat, a ninka da awowin aikinta. Misali, kwamfuta ta hannu mai wat 60 cikin awa 8 ta ci 480. Fanka mai wat 60 cikin awa 8 ita ma 480. Ƙwan fitila 4 masu wat 10 cikin awa 5 sun ci 200. Akwatin intanet mai wat 10 cikin awa 10 ya ci 100. Jimla 1260 ke nan a yini. Allo ɗaya mai wat 300, a ranar ƙasar nan, abin da yake bayarwa bai wuce kusan hakan ba idan an cire asara. Don haka mai hankali allo biyu zai ɗora, saboda kwanakin hazo da na hadari. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin allo, sai a riƙa share shi da sassafe. Batirin dalma ba ya son zafi, kuma ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi. Na litiyom ya fi tsada amma ya fi shekaru. Kazalika, a tuna cewa dawowar wuta da ƙarfi ta kan ƙone na'ura fiye da ɗaukewarta. Na'urar daidaita ƙarfin wuta a kan volt 220 ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin firiji ko kwamfutar da take karewa ba a mafi yawan lokaci, amma ita ce mutane suka fi mantawa da ita.

HANYAR SADARWA

Tun da kamfanin Celtel ya buɗe aiki a 2001, wanda ya koma Zain a 2008 sa'an nan Airtel a 2010, wayar salula ta game birni da ƙauye. Kamfanin Orange ya shigo a 2008, ya sayar da hannun jarinsa a 2019, aka sake masa suna Zamani. SONITEL da SahelCom sun haɗe a 2016 suka zama Niger Telecoms. Ga kuma Moov. Hukumar ARCEP ita ke sa ido bisa aikinsu. A shekarar 2025 kuma kamfanin Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki cikin ƙasa da izinin hukuma.

Wanne ya fi? Allon talla ba zai ba da amsa ba. Ƙarfin rezo ya danganta da nisan eriya, da kaurin bango, da rufin kwano, da yawan jama'ar da ke kan layi. Abin da ke gudu a wannan rumfa yana iya rarrafe a rumfar da ke bayanta. Saboda haka gwaji a cikin kantin kansa shi ne alƙali: a sayi ƙaramin kiredi na kamfani biyu ko ukku, a gwada da hantsi, da azahar, da bayan magariba, musamman ranar da kasuwa ke ci, har mako guda. Wanda ya fi sai ya zama babban layi, na biye da shi kuma ya zama na ko-ta-kwana.

Sai dai akwai ranar da layi biyu ba ya ceto. Nijar ba ta da bakin teku, don haka yawancin intanet ɗinta yana biyo wayoyin ƙarƙashin ƙasa ne daga maƙwabta masu gaɓa. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, intanet ya raunana a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, har da Nijar. Ga wanda aikinsa ba ya jure tsayawar awa ɗaya, kamar mai fiton kaya ko mai aika kuɗi, tauraron ɗan'adam hanya ce ta dabam wadda ba ta bi ta teku ba. Amma shi ma yana da nasa: kayansa da tsada, biyan wata-wata bai san ranar rashin ciniki ba, yana buƙatar wuta ba yankewa, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana raunana shi. Mai kantin da buƙatarsa ba ta wuce WhatsApp ba, bai kamata ya ɗauki wannan kaya ba, sai fa in maƙwabta sun haɗa kai bisa ƙa'idar kamfanin.

HANYAR KUƊI

Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, da Al Izza, da Amana sun rage wa fatake ɗaukar damin sefa cikin mota, haka nan asusun cikin waya irin Airtel Money da Moov Money. Kafin a zaɓi ɗaya, a yi tambaya ukku: nawa ake cirewa wajen aikawa da wajen karɓa, nawa ne iyakar abin da ake iya fitarwa a yini, kuma shin wakilinsu na garin da abokin ciniki yake yana da tsabar kuɗi ranar kasuwa? Kuɗin da ke cikin waya wanda wakili ya kasa biya, ba ya sayen wake a kasuwar ƙauye. Ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni masu hulɗa da Jibiya da Illela ba su manta da farkon shekarar 2023 ba, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsaba ta ɓace. Wanda yake da hanyar karɓar kuɗi ta waya ya ci gaba da ciniki, wanda ba shi da ita ya zuba wa kayansa ido.

Sai batun ƴan damfara, waɗanda ba su fasa ƙofa sai sun tarar da ita a buɗe. Babu ma'aikacin kamfani ko na banki da ke da hurumin tambayar lambar sirri. Duk wanda ya buga waya ya nema, ɓarawo ne ko da ya yi rantsuwa. Saƙon da ke cewa kuɗi sun shigo ba shaida ba ne, domin ana ƙirƙirarsa. A duba cikin asusun kafin kaya su fita. WhatsApp yana da makulli na biyu mai lamba 6, sa shi ba ya cin minti biyu. Bugu da ƙari, lambar wayar kanti ta zama da sunan mai kanti aka yi rajistarta, da katin shaidarsa. Sau da yawa yaron kanti ne ke sayo layin da sunansa. Ranar da aka ɓata, sai ya tafi da lambar, da abokan ciniki, da abin da ke cikin asusun. Dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci, amma kama ɓarawo ba ya nufin dawowar dukiya.

AJIYAR LISSAFI

Ma'aikatar lanho ta shigo da tsarin faktir mai tabbaci, wanda aka fara tilastawa daga 2021 bisa kamfanonin da ke karɓar harajin TVA na kashi 19 cikin 100. Ana fitar da ita ta wata ƙaramar na'ura da hukuma ta amince da ita, ko ta shafin ma'aikatar a intanet, tana ɗauke da lambar NIF ta mai sayarwa da wata alama mai kusurwa huɗu da ake dubawa da waya. Mai saye da bai karɓi irin wannan faktir ba, ba ya samun ragin harajin da ya biya. Wanda ke shirin sayen manhajar lissafi, sai ya fara tabbatar da cewa tana cikin waɗanda ma'aikatar ta yarda da su.

Dokar OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta wajabta ajiye takardun lissafi har shekara 10. Babu kwamfutar da za a dogara gare ta ita kaɗai tsawon wannan lokaci, ga zafi, ga ƙura, ga ɓarayi. Dattawan Yamai suna tune da gobarar da ta cinye babbar kasuwa a 1982, wadda ba a sake buɗewa ba sai 1987; ba kaya kaɗai wuta ke ci ba, har da littafin bashi, kuma bashin da ba shaida sai mai tsoron Allah ke biya. Ƙa'idar ita ce kwafi ukku: ɗaya cikin kwamfuta, ɗaya cikin ƙaramar ma'ajiya da ake kai wa gida kowace Juma'a, ɗaya kuma a ma'ajiyar intanet. Sa'an nan sau ɗaya a wata a buɗe kwafin a gani ko yana karantuwa. Littafi da alƙalami su ma kada a yar da su. Su ne ba su san ɗaukewar wuta ba.

WA ZAI GYARA?

Araha ba ta ado. Na'urar da aka sayo da rahusa a ƙetaren iyaka, ko wadda aka yi amfani da ita a Turai, tana iya yin kyau, amma garantinta ba ya ƙetare iyaka tare da ita. An ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kayan gyara suka yi wuya. Injin buga takarda mai araha wanda tawadarsa sai Yamai, ya fi mai tsada cin kuɗi ga mutumin Tasawa ko Madawa. Don haka a zaɓi irin da masu gyara na gari suka sani, wanda kayansa ke cikin kasuwa.

Idan an ɗauki mai haɗa allunan rana ko mai girka manhaja, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ko da shafi ɗaya ce: abin da zai yi, tsawon garanti, cikin kwana nawa zai zo in an kira shi, da kuma cewa duk lambobin sirri suna hannun mai kanti. A riƙe wani kaso na ladan aikin sai an ga na'urar ta yi wata guda tana aiki. A kuma koya wa mutum biyu a cikin gida yadda ake sarrafa ta, domin mutum ɗaya yana iya yin tafiya ko ciwo.

Iyayen ƴan kasuwar yau, waɗanda suka bi hanyar Kano da ta Agadas da raƙuma da jakuna, ba su taɓa tashi da salka ɗaya ba, kuma ba su ɗaure kaya da igiya ɗaya ba. Kayan aiki ne suka sake, hikimar tana nan. Ɗan kasuwar da ya tanadi wuta ta biyu, da layi na biyu, da hanyar kuɗi ta biyu, da kwafin lissafinsa, ranar da maƙwabtansa suka rufe ƙofa shi zai buɗe tasa. Allah ya sa albarka a cikin nema, ya kare dukiyar jama'a.