Bayan Kukan Jariri: Aikin Nas a Ɗakin Masu Jego

Mu a gida, da an ji kukan jariri sai guɗa da barka. Amma a wurin nas mai kula da masu jego, lokacin ne aiki ya soma, domin sa'o'i 24 na farko su ne mafi haɗari ga uwa da ɗanta.

Takan taɓa marar mai jego ta ji ko mahaifa ta tsuke, don idan ta saki, jini zai yi ta zuba har a rasa rai. Jaririn kuwa, takan kwantar da shi a ƙirjin uwarsa ya ji ɗumi, ta ga ya kama nono cikin awa ɗaya. Dakashin da wasu ke matsewa su zubar, shi ne kariyarsa ta farko daga cututtuka. Tana duba cibiyarsa, da idanunsa ko sun yi ruwan ɗorawa, alamar shawara.

Duk mai sha'awar wannan aiki a cikinmu ya riƙe Bayoloji, Kimistiri, Fizik, Lissafi da Turanci da kyau. Sai da kiredit a cikinsu ake shiga makarantar koyon aikin jinya.