Bencin zumunci: tsofaffin mata masu sauraren damuwa

Akwai ciwon da ba ya sa zazzaɓi, amma yana hana barci, yana hana cin abinci, har ya hana mutum zuwa gona. Mu muna ce masa yawan tunani. A ƙasar Zimbabuwe, ƙabilar Shona suna kiran sa kufungisisa, ma'anarsa ke nan. Yau za mu ga yadda wani likita na can ya ɓullo wa wannan ciwo.

Sunansa Dixon Chibanda. Ya yi karatun likita a Cekosulobakiya, ya komo gida ya ƙware kan ciwon ƙwaƙwalwa. A 2005 wata matashiya da yake yi wa magani ta kashe kanta a ƙauyensu. Ya kamata ta komo Harare, babban birni, a sake duba ta, amma uwarta ba ta da kuɗin mota. Likitoci irinsa kuwa ba su fi 12 ba a ƙasar duka. Sai ya gane cewa zaman jiran majinyata a asibiti ba zai wadatar ba.

A 2006 ya fara aiki da tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare. Da ma suna zagaya gidaje suna faɗakarwa kan kiwon lafiya. Aka ba su horo, aka ajiye musu benci na katako a harabar asibitin unguwa. Shirin shi ne Friendship Bench, wato bencin zumunci.

Ga yadda zaman yake. Mai damuwa ya zo, tsohuwa ta yi masa tambayoyi 14 don ta auna nauyin abin. Sa'an nan ta ce ya ba ta labarinsa. Ba ta katse shi, ba ta yi masa faɗa. In ya yi kuka, ta bar shi ya yi. Idan ya gama, sai ta jera masa matsalolin da ta ji daga bakinsa, ta ce ya zaɓi guda ɗaya tak.

Nan ne gwanintar take. Tsohuwar ba ta zaɓa masa, ba ta kuma ce masa yi kaza. A misali, mace ta zo da bashi, da rigimar miji, da yaro da aka koro daga makaranta. Mai saurare zai ɗauka rigimar mijin ce babba, ita kuwa ta ce kuɗin makaranta ne ke hana ta barci. To, da shi za a fara. Ita za ta kawo dabaru, su auna su tare, ta ɗauki wadda za ta iya kafin zama na gaba. A ganina, wannan ya fi “yi haƙuri” da muke saurin faɗa, wanda sau da yawa rufe bakin mai magana yake yi. Ana yin zama har 6, kowane wajen minti 45.

An gwada hanyar a asibitoci 24 na Harare, da mutum 573, aka bayyana sakamako a 2016. Bayan wata 6, cikin waɗanda suka zauna a benci, kashi 14 cikin 100 ne ke da sauran alamun ciwon. Cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba, rabi ne.

Amma tsofaffin nan sun san iyakarsu. Ba su ba da magani. Wanda ya ce zai kashe kansa, ko yake jin muryoyin da babu, nan take suke miƙa shi ga ma'aikacin asibiti. Mu ma idan muka ga waɗannan alamu ga wani namu, kada a bar shi shi kaɗai, kada a ɗaure shi. A kai shi asibiti mafi kusa, su kuma su tura shi gaba in abin ya fi ƙarfinsu.